Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Kalmomi uku ne ɗalibaina suke yawan cakuɗawa idan muka zo babin tafiya: kaya, da guzuri, da tsaraba. Nakan bayyana musu cewa kaya shi ne duk abin da matafiyi ya ɗauka, tun daga tufafi har tabarma. Guzuri kuwa abin da zai ci ne ko ya kashe a hanya. Tsaraba ita ce abin da zai miƙa wa waɗanda ya tarar, ko waɗanda ya baro a gida idan ya dawo. Shekaru na yi ina karantar da wannan bambanci, ina ganin na ƙware a kansa. Sai da na haɗa kayan iyalina don tsallaka Bahar Maliya a jirgin ruwa, sannan na gane cewa ta tsakiyar, wato guzuri, ban san ta ba sai a takarda. Wadda ta koya mini ita kuwa ba ta taɓa zama a aji ba.

An haife ni a wani ƙauyen Hausawa da ke gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, ba nisa da garin Mai Wurno. Garin ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ja ragowar jama'ar mahaifinsa zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Namu kakannin sun biyo baya ne da niyyar aikin Hajji. Kakan mahaifiyata ya taso daga ƙasar Kano da jaki ɗaya da mata ɗaya, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, ya ce wa danginsa su saurare shi bayan shekara biyu. Ya iso nan a daidai lokacin da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira, ana neman masu tsinka ruwa a jallo. Guzurinsa ya ƙare, sai ya tsaya ya yi kaka ɗaya don ya tara kuɗin jirgi. Kaka ɗaya ta zama goma, goma ta zama talatin. A Jazira aka binne shi, bai taɓa ganin teku ba. Irin wannan labari ya cika gidajenmu, har wani masani mai suna Bawa Yamba ya rubuta littafi a 1995 a kan jama'armu, ya kira mu da abin da za a iya fassarawa da mahajjata na dindindin.

A farkon 2018 na tara abin da zai kai mu Umra mu shida: ni, da maiɗakina, da yara uku, da Inna. Jirgin sama ya fi ƙarfin albashin malami, don haka muka zaɓi hanyar da talakan Sudan ya sani, wato mota zuwa Sawakin, daga nan jirgin ruwa zuwa Jidda. Yara sun ɗauki abin a matsayin yawon buɗe ido, ni ma ban hana su ba, domin babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa a cikinmu.

Na zauna na rubuta jerin abin da za a ɗauka, kamar mai tsara jadawalin jarrabawa. Fasfo shida da biza, katin rigakafin sanƙarau da na shawara, tikiti, kwafin kowace takarda, cajar waya, maganin hajijiya da amai, harami, takalman roba, da rigunan sanyi na yara. Na ƙayyade wa kowa akwati ɗaya, ko shanta kamar yadda muke cewa a nan, da jaka ɗaya ta hannu da zan rataya ni kaɗai. Na duba jerin sau uku, na ga babu abin da ya rage.

Ana gobe za mu tashi Inna ta iso gidana a Wad Madani da wani ƙunshi a cikin tsohon zane, an ɗaure kusurwowinsa huɗu. Da ta kwance sai ga garin dawa, da busasshiyar kuɓewa dakakkiya wadda Larabawan nan suke kira weka, da busasshen nama da ake kira sharmut, da daddawa, da yaji, da gishiri, da ƙuli-ƙuli, da tsamiya, da dabino, da abre, wato ɓawon gurasar dawa mai kama da takarda da ake jiƙawa a sha. Akwai ƙaramar tukunya, da muciya, da ashana, da allura da zare, da buta. A ƙasa akwai farin ƙyalle a naɗe, likkafaninta, wanda take so ta wanke da ruwan Zamzam. A bakin zanen kuma ta ƙulle ɗan irin kuɓewa da na yakuwa.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana. Idan tana so ta tsokane ni, Dakta take cewa.

Na ce, "Inna, dare ɗaya ne fa a kan ruwa. Kuma akwai wurin cin abinci a cikin jirgin."

Ta ce, "Dakta, wa ya faɗa maka dare ɗaya ne?"

Na ce, "Ga shi nan a rubuce."

Ta ci gaba da ɗaure ƙunshinta, ta ce, "Shi ma kakana shekara biyu ya ce."

Na so in yi gardama a kan tukunya da irin shuka, maiɗakina ta yi mini ido, na yi shiru. Amma a raina ina jin kunyar yadda za a ga malamin jami'a yana jan ƙunshin tsumma a tashar jirgi.

Hanyar kusan kilomita 1,000 ce. Muka bi ta Gadarif da Kasala da Hayya, muka gangaro daga duwatsu zuwa gaɓar teku. Sawakin tana kimanin kilomita 60 kudu da Bur Sudan, kuma tsohon garin, wanda aka gina da dutsen murjani, ya rushe sai kufai. Ta nan mahajjatan ƙasashenmu suke tsallakawa tun kafin a haifi kakan Inna. Muka iso da hantsi, aka ce jirgi sai yamma. Da yamma aka ce sai gobe. Gobe ta yi aka ce sai jibi. Babu wanda ya yi mana bayani, mu ma muka gaji da tambaya. Kwana uku muka yi a inuwar wata rumfa tare da ɗaruruwan matafiya.

A rana ta farko na sayi abinci a wurin masu tuya, na ga kuɗin da na ware na mako guda ya soma zubewa. A rana ta biyu cikin ɗiyata ta tsakiya ya ɓaci. Inna ba ta ce mini uffan ba. Ta sa babban jikanta ya samo duwatsu uku, ta sayi gawayi kaɗan, ta ɗora tukunyar nan da na raina. Ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar weka da sharmut da daddawa, ta jiƙa wa yarinyar tsamiya. Ƙanshin daddawa ya janyo wata tsohuwa daga can ƙarshen rumfar, ta yi sallama da Hausa, ta ce su mutanen Kasala ne, jikokinta ba su ci komai ba tun safe. Tukunyar ta ciyar da gida biyu har ranar da muka shiga jirgi. Da nake cin loma, karin maganar da na sha rubutawa a allo ta faɗo mini: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa jerina bai yi amfani ba. Da muka zo shiga, aka karɓe manyan kaya aka kai cikin jirgin, inda ba mai sake ganinsu sai Jidda. Can cikin dare kan Inna ya soma sarawa, na tambaye ta maganin hawan jininta, ta ce yana ƙasan akwati, a cikin safa, don kada ya ɓace. Allah ya sa na raba maganin gida biyu tun a Wad Madani, rabi yana jakar hannuna. Zauren fasinja kuwa sanyin na'ura ya yi yawa, rigunan da na dage a kansu suka rufe yara. Da jirgi ya soma tangaɗi, maganin amai ya taimaki biyu, ta ukun kuwa lemun tsamin da maiɗakina ta sa a aljihu ne ya tsayar mata da zuciya. Auta ya ɓace mana na ɗan lokaci a tsakanin benaye, wani ma'aikaci ya dawo da shi saboda uwarsa ta rubuta sunana da lambar wayata a wani ƙyalle ta ɗinke a wuyan rigarsa. Wannan dabarar ba ta cikin jerina, ba ta kuma cikin ƙunshin Inna.

Daga wannan tafiya na fitar da ƙa'idar da nake faɗa wa duk wanda zai hau jirgin ruwa da iyali. Abin da ba za ka iya kwana ɗaya ba tare da shi ba, kada ya bar jikinka: takardu a cikin leda don gudun ruwa, magani na kwanakin tafiya da ƙari, sauyin tufa ɗaya ga kowane yaro, abin rufa, ruwan sha, da harami ga mai niyyar ɗaurawa kafin jirgi ya tsaya. Kuɗi a raba su tsakanin manya biyu. Abinci kuwa a nemi busasshe, mai jure zafi, wanda yara suka saba da shi, a auna shi da ninki uku na kwanakin da aka rubuta a tikiti.

Wannan ninki shi ne abin da ƙamus bai koya mini ba. Ni na auna guzuri da tsawon tafiyar da na shirya. Inna ta auna shi da tsawon da tafiya take iya kaiwa idan ta ƙi bin shiri. Harshen ma ya san da haka, mu ne ba mu lura ba. Dubi sunayen mazuban matafiyin dā: salka ta ruwa, taiki na hatsi, tandu na mai, burgami na tarkace, gafaka ta littafi, zabira ta magani da kwalli. Mutanen da suka ware wa kowane abu mazubinsa na fata ba tafiyar dare ɗaya suke nufi ba. Larabcin Sudan yana da tasa kalmar, zuwwada, kuma yaranmu na yanzu ita suka fi ji. Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya yi littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan take jingina da Larabci, kuma a gidana nake ganin shaidarsa, domin 'ya'yana Habboba suke kiran kakarsu. Amma Inna ba ta taɓa cewa zuwwada ba. Ta ce wannan ta Larabawa ce masu zuwa su dawo.

Na ɗauka darasin ya ƙare a Jidda. Yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023, Wad Madani ta cika da 'yan gudun hijira, mu muna ba su masauki muna ganin abin ba zai iso mu ba. A tsakiyar Disamba ya iso. Inna tana gidana a lokacin saboda ganin likita. Da ƙarar bindiga ta matso, wani maƙwabci mai mota ya ce zai jira mu rabin sa'a. Na tsaya a tsakiyar ɗakin karatuna, littattafan shekara ashirin suna kallona, na rasa wanda zan ɗauka. Na ɗauki kwamfuta, na ajiye, na ɗauki takardun shaidar karatu, na manta fasfo, maiɗakina ta koma ta ɗauko. Inna kuwa ta janyo ƙunshinta daga ƙarƙashin gado. Ashe tun ranar da ta ji labarin Hartum ta ɗaure shi, tana sabunta garin duk wata. Ita ce ta fara shiga mota.

Kwana huɗu muka yi kafin mu kai Gadarif ta hanyar Sinnar, tafiyar da a dā ake yi a wuni ɗaya. Abre da dabino da ƙuli-ƙuli muka ci. A Gadarif wani dattijo Bahaushe da bai san mu ba ya ba mu ɗaki biyu a bayan gidansa. Da damina ta faɗi, Inna ta kwance bakin zanenta ta shuka kuɓewa da yakuwa a gindin katanga. Na tuna yadda na yi wa irin nan dariya a zuci shekara shida da suka wuce, ban kuwa faɗa mata ba.

Na koma na ga gidana bayan an buɗe hanyar Wad Madani a 2025. Akwatunan nan shida da na saya don tafiyar Sawakin suna nan a buɗe, babu komai a ciki. Ɗaya kawai na ɗauko. Yanzu yana bayan ƙofar ɗakin da muke zaune, da takardunmu a leda, da magani, da gari, da ƙaramar tukunya. Babbar ɗawainiyar ɗiyata ta tsakiya ita ce duba kwanan watan magungunan a farkon kowane wata.

Ga masu nazarin karin magana, ku lura da wadda na sa a kan wannan rubutu. Fafe gora shi ne yanke bakinsa a ƙwaƙule cikinsa, sannan a jiƙa shi kwanaki har ɗacin ya fita, kafin ya iya riƙe ruwan sha. Wanda ya fafe ranar tafiya zai sami gora, amma ruwansa ba zai shawu ba. Kwanan baya na karanta wa Inna wannan bayani don in ji ko na yi daidai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Dakta, ka sa gishiri a akwatin nan kuwa?" Na tashi na duba. Babu.