In Ji Wa?

Rediyon Baba tela ya girmi yaron da ke soya mana ƙwai a teburin shayin bakin layinmu. Murfin batirinsa ya ɓata tun tuni, da robar tayar keke aka ɗaure shi, eriyar kuma ta karye an yi mata ƙari da guntun waya. Kullum bayan sallar isha'i sai Baba ya girke shi tsakanin gwangwanin madara da tulin burodi, ya yi ta murɗawa a hankali kamar mai zura zare a allura, har murya ta fito daga cikin shuuu ɗin nan na gajeren zango. Da an fara kanun labarai, mai shayi ma rage ƙarar cokali yake yi.

Wani dare, lokacin ana fama da dogon layi a gidajen mai, aka karanto cewa wani babban jami'in gwamnati ya ce kafin ƙarshen mako mai zai wadata ko'ina. Da kunnena na ji an ambaci jami'in, har da muƙaminsa. Ba a yi minti biyar ba sai ga wani ɗan acaɓa ya faka, ya zauna yana cire hular sanyi.

"Baba, me aka ce yau?"

"Rediyo ya ce za a samu mai kafin Juma'a."

Jami'in ya zube a hanya. Tsakanin bakin akwatin da bakin Baba, tazarar da ba ta kai kamu biyu ba, mai alkawarin ya ɓace, maganar ta koma wuyan rediyo. Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta bi bayanta, layin mai sai abin da ya yi gaba. Da ɗan acaɓan nan ya dawo, ko sallama bai ƙarasa ba ya nuna akwatin da yatsa: "Baba, abin nan naka shi ma ya koyi ƙarya." Baba bai musa ba. Ya dai ce zamani ne ya lalace.

Tun ranar nake kasa kunne ga 'yar kalmar nan, "in ji", da 'yan uwanta "ya ce" da "a cewar". Babu abin da ya fi ta saurin zubewa a labari. Ɗan jarida da ita yake dogara, mai sauraro kuwa ƙaiƙayi ya ɗauke ta, sai ya sheƙe ya tafi da tsabar. Yawancin gardamar da nake ji a majalisu kan ko 'yan jarida masu gaskiya ne ko maƙaryata, in ka tona, a nan tushenta yake.

Baba yana da uzuri. Jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, sunanta ma alkawari ne: Gaskiya Ta Fi Kwabo. BBC ta buɗe sashen Hausa a watan Maris na 1957 da shirin minti 15, Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979. Shekarun mulkin soja ne suka yi wa gidajen nan gata. Tashoshin gida kusan duk na gwamnati ne a lokacin; in ka ji suna ta kaɗa taken soja da sassafe ka san an yi juyi, amma wa aka kama, wa aka kashe, ina aka kai wane, sai ka murɗa zuwa waje. Labarin fadar gwamnatin ƙasarka sai ya biya ta Landan kafin ya iso zaurenka. A haka "BBC ta faɗa" ta zama abin kashe gardama, kamar yadda ɗalibi ke cewa haka yake a littafi.

Ban ga inda yardar nan ta kai inda ta kai a 2010 ba. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a Nuwamban 2009, aka yi mako bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba. Ministoci suna ta cewa yana samun sauƙi, gari kuma ya cika da raɗe-raɗin cewa rai ya yi halinsa. Ranar 12 ga Janairu sai ga muryarsa a BBC ta wayar tarho, a raunane, 'yar gajeruwar hira. Ranar 9 ga Fabrairu Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta kafa hujja da hirar nan, ta ɗauke ta a madadin wasiƙar da tsarin mulki ya ce shugaba ya aiko in ba zai iya aiki ba, ta mai da Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa. Hirar rediyo ta yi aikin takarda mai hatimi. Ko a lokacin akwai masu rantsuwa cewa ba muryarsa ba ce, kwaikwayo aka yi, amma ba su ne suka rinjaya ba.

Bayan shekara goma aka yi abin Ƙanƙara. Daren 11 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Gwamna Aminu Bello Masari ya ce 333 ne ba a gani ba. Mai magana da yawun shugaban ƙasa, Garba Shehu, ya ce yara goma ne kawai suka rage a hannun maharan. Duka biyun an watsa, kowace magana da sunan mai ita. Da aka sako yaran bayan kwana shida, 344 aka ƙirga, kakakin kuma ya fito ya nemi afuwa. To, ɗan jarida zai ce shi kam bai yi ƙarya ba, abin da aka faɗa masa ya kawo. Uban da ya kwana a ƙofar makarantar cikin ɗaruruwan iyaye irinsa kuwa, abin da ya sani shi ne a rediyo ya ji "goma".

Haka aka yi a Cibok a Afrilun 2014, da hedikwatar tsaro ta sanar an kuɓutar da 'yan matan da aka sace duka in ban da takwas, kafafen labarai suka ɗauka, ba a jima ba ta janye. Abubakar Shekau kuwa an kashe shi a kanun labarai a 2013, an sake kashe shi a 2014, yana ta ɓullowa a bidiyo. Da ya mutu da gaske a 2021, sai da aka yi makonni ana cewa mu dai gani a ƙasa.

Daga irin wannan ne mutanenmu suka ƙirƙiro nasu lissafin, wanda ba a koyar da shi a kowace makaranta. Ba a cika musun cewa abu ya faru ba, adadin ake yi wa kwaskwarima. In hukuma ce ta faɗi yawan waɗanda aka kashe a hari, sai a ninka. In sojoji ne suka faɗi yawan 'yan bindigar da suka hallaka, sai a raba biyu, wani ma ya ce a nuna gawa. In "mazauna yankin" ne, sai a ɗan rage, don an san mai kuka yakan ƙara gishiri ko a waiwaye shi. Da jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri a Disamban 2023, hukumar agajin gaggawa ta ce mutum 85, Amnesty ta ce sun haura 120. A teburinmu ba wanda ya tsaya a kan na farkon. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a labarin mutuwa "in ji" ba ta zubewa. Kowa yana riƙe da wanda ya faɗa gam, don da sunansa ake yin lissafin. Ashe kunnen nan da ya yar da jami'in mai ya iya sauraro in ya ga dama.

Sai dai ba zan wanke 'yan jarida tas ba. "In ji" garkuwa ce, kuma akwai masu kwana a bayanta. Duk mun haddace maganganun: "wata majiya mai tushe", "wani da ya nemi a sakaya sunansa", "duk ƙoƙarin da muka yi na jin ta bakin kakakin rundunar ya ci tura". Wani lokaci iyakar gaskiyar ke nan. Wakili yana Gusau, abin ya faru a ƙauyen da ba a shiga sai da rakiyar soja, a 2021 ma sai da aka katse layukan waya a Zamfara na tsawon makonni, to ta ina zai ƙirga kaburbura? Wani lokacin kuwa lalaci ne, ko kuɗin motar da aka miƙa a ambulan bayan taron manema labarai. Wanda ya ɗauko maganar da ya san ba ta da kai ba ta da gindi, ya karanta ta yadda aka ba shi don kawai ya liƙa mata "in ji kwamishina", ya yi dakon ƙarya, ko da ba shi ya saƙa ta ba. Ga kuma sojojin baka a tashoshin FM na Kano, waɗanda ake saya wa fili su yi ta yabo da zambo. A akwati ɗaya ake jin su da labaran duniya, wani lokaci talla guda ce tsakaninsu.

Ni ma ina da nawa abin kunyar. Na taɓa tsayawa a wurin wata gobara a kasuwar unguwarmu tun tashinta har mutuwarta. Da daddare wani gidan rediyo ya kawo labarin: sunan layin ba daidai ba, an kuma ce motar kashe gobara ce ta shawo kanta, alhali da bokitai da jarkokin 'yan garuwa aka gama da ita. Muka yi ta tsaki. Labari na gaba a kan yaƙin Sudan ne, muka haɗiye shi ɗungurungum, har ni nake yi wa sauran sharhi.

Fushin mahukunta bai cika sauya ra'ayin kowa ba. A Nijar sojoji sun dakatar da gidan rediyon RFI bayan juyin mulkin Yulin 2023, a Disamban 2024 kuma suka dakatar da BBC na wata uku kan rahoton wani hari a yankin Tillaberi da suka ce ba shi da tushe. Wanda dama ya ɗauki gidajen waje bakin Turawa sai ya ce Allah Ya ƙara. Wanda bai yarda da gwamnati ba sai ya ce ruwa ba ya tsami banza, da ba su taɓo wani abu ba da ba a toshe musu baki ba.

Yanzu kuma ga waya. Akwai wani matashi mai POS da ke zama da mu, shi ba ya jiran kowa; kafin Baba ya gama murɗa rediyo ya riga ya karanto "da ɗumi-ɗumi" uku daga Facebook. Shi ne kullum ke cewa manyan kafafen nan duk an saye su. Amma duk sanda yake so a yarda da shi, sai ya juyo da fuskar wayar ya nuna tambarin da ke saman hoton: "Ga shi nan, su ne suka saka." Sau da yawa tambarin ma liƙa shi aka yi. Masu ƙera labarin ƙanzon kurege sun san darajar sunan da suke ara, don ba wanda zai ɓata dare yana buga jabun kuɗin da aka daina karɓa. Da Muryar Amurka ta yi shiru a Maris na 2025 bayan umarnin Donald Trump, aka bar kiɗa zalla yana tashi a lokacin labarai, har da masu tambaya ko juyin mulki aka yi a can. A teburinmu, wanda ya fi kowa kiranta farfaganda shi ya fi kowa tambayar yaushe za ta dawo.

Shekaranjiya matashin nan ya iso a guje, waya a hannu, wai wani babban mutum ya rasu a asibitin waje. Har an fara salati. Baba ya ɗaga hannu.

"Ku bari tukuna a yi labarai."

"Haba Baba, kai da ka yarda abin nan ya koyi ƙarya?"

"Zauna dai, yaro."

Aka yi kanun labarai, aka yi rahotanni, aka kai har wasanni, ba a ambaci mutumin ba.

"Kun gani ko? Ɓoyewa suke yi, sai an gama shirya wanda zai gaje shi."

"Da ya mutu da sun faɗa," in ji Baba.

Shirun nan guda, kowa ya ɗauke shi shaidarsa. Mai shayi ya tambayi wanda za a ƙara wa ruwan zafi. Baba ya kashe rediyon, ya kwance robar, ya zare baturan ya zuba a aljihun gaba don kada su yi sanyi kafin shirin safe, ya ce mu kwana lafiya.