Dodon Tokyo da Jirgin Katakon da Aka Yasar a Juji

A unguwar Kabukicho ta birnin Tokyo, inda fitilun talla ba sa barin dare ya yi duhu, akwai wani dogon bene da kan dodo ya leƙo daga hawa na takwas. Tsayin kan kaɗai mita 12 ne. Duk lokacin da sa'a ta cika, daga tsakar rana zuwa farkon dare, sai idanunsa su kama da wuta, ya yi ruri, hayaƙi ya tuɗaɗo daga bakinsa, jama'ar da ke ƙasa kuma su ɗaga wayoyi sama. Godzilla ke nan. A shekarar 2015 aka ɗora shi a kan ginin kamfanin fina-finai na Toho, kuma a wannan shekarar ce gundumar Shinjuku ta ba shi takardar zama ɗan gari, ta naɗa shi jakadan yawon buɗe ido. Wanda ya shafe shekara sittin yana rushe birnin a majigi, shi aka ɗora wa tarbar baƙi.

Taron ilimi ne ya kai ni Japan, kuma kwana biyu suka rage mini bayan an watse. Ni ma na ɗaga tawa wayar, don 'ya'yana sun yi mini kashedin kada in dawo ba hoton.

Tsarana da dama sun fara sanin wannan dodo ne ta hannun Amurkawa. Ina farkon shiga jami'a muka kalli fim ɗin 1998 a kaset, wanda Roland Emmerich ya ba da umarni, muka ɗauka can ne asalinsa. An kashe wa fim ɗin dala miliyan 130 ko sama da haka, an cika biranen Amurka da tallan da ke alfahari da girman dodon. Ya samo kusan dala miliyan 379 a duniya, don haka ba za a ce uwar kuɗi ta nutse ba, amma ya gaza abin da aka sa rai nesa ba kusa ba, har aka soke kashi na biyu da na uku da aka tsara. Dodon nasu ƙaton ƙadangare ne mai gudun jirage masu saukar ungulu, ya zuba ƙwai a zauren wasanni na New York, daga ƙarshe aka kashe shi da makamai masu linzami a kan gada. Japanawa ba su yafe ba. Toho ta guntule sunansa ya koma Zilla, kuma a fim ɗinta na 2004 ta sa Godzilla na asali ya gama da shi cikin 'yan daƙiƙoƙi a birnin Sydney.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin kishin masu abu da abinsu. Sai washegari, da na hau jirgin ƙasa zuwa tashar Shin-Kiba a bakin tekun Tokyo, na gane ƙorafin ya fi haka zurfi.

Daga tashar, tafiyar minti goma ce a ƙafa zuwa Yumenoshima, wato Tsibirin Mafarki. Sunan da daɗi, amma juji ne. Sharar birnin aka yi ta jibgewa a teku daga ƙarshen shekarun 1950 har ta zama ƙasa, yau kuma an mayar da wurin lambun shaƙatawa. A gefe guda akwai wani gini mai tsinin rufi, ba a biyan ko sisi a ƙofa. Da ka shiga sai ka ga cikin jirgin ruwa na katako ya tokare maka gaba, tsawonsa bai kai mita 30 ba. Sunansa Daigo Fukuryu Maru, ma'ana Dodon Sa'a na Biyar. Mu huɗu na ƙirga a zauren a safiyar, har da dattijon da ke tsaron wurin.

Ranar 1 ga Maris, 1954, wannan jirgi na masu kamun kifin tuna yana kan teku da mutum 23, kimanin kilomita 160 gabas da tsibiran Bikini. Kafin asuba suka ga haske ya keto daga yamma, inda rana ba ta fitowa. Amurka ce ta gwada bom ɗin haidurojin mai ƙarfin megaton 15, kusan ninki dubu na wanda aka jefa wa Hiroshima, kuma ya zarce lissafin waɗanda suka ƙera shi. Bayan 'yan sa'o'i sai farin toka ya fara sauka a kansu. Murjanin teku ne da wuta ta niƙe, ɗauke da gubar nukiliya. Ba su san ko mene ne ba, suka ci gaba da janyo ƙugiyoyinsu a cikinsa. Kafin su isa gida a Yaizu ranar 14 ga wata, fata ta ƙone, gashi ya fara zuba. Mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu ranar 23 ga Satumba yana da shekara 40. Akwai ragowar tokan a cikin ƙaramar kwalba a zauren. Na daɗe a gabanta. Kama take da garin da za ka share daga kan tebur ba tare da ka kula ba.

Ƙasar ta girgiza. Aka binne gurɓataccen kifi a kasuwar Tsukiji, mutane suka ƙaurace wa abincin da ba sa kwana ba su ci ba. Matan aure na gundumar Suginami suka fara tara sa hannun neman a haramta irin waɗannan makamai, kafin shekara ta zagayo da 'yan watanni an haura miliyan 30. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa sai a 1952 mulkin sojan Amurka ya ƙare a Japan, kuma a lokacinsa ana tace abin da za a rubuta a kan Hiroshima da Nagasaki. Bakin da aka daɗe da ɗaurewa ne ya samu sakewa.

Mako shida bayan rasuwar Kuboyama, ranar 3 ga Nuwamba, Toho ta saki Gojira. An haɗa sunan ne daga kalmar goggon biri da ta kujira, babbar dabbar teku. Daraktan, Ishiro Honda, tsohon soja ne da ya ratsa ta kangon Hiroshima a hanyarsa ta komowa daga ƙasar Sin. Fim ɗin ya buɗe da jirgin ruwa da wani haske ya cinye, kuma babu ɗan kallon da ya buƙaci a yi masa bayani. Kayan aikin kuwa ba su taka kara sun karya ba. Mutum ne, Haruo Nakajima, cikin rigar roba mai nauyin kusan kilo 100, yana tattaka ƙananan gidajen da aka sassaƙa. Rurin nan da na ji a Kabukicho, mai kiɗa Akira Ifukube ya samo shi ta hanyar goga safar hannu ta fata, wadda aka shafe da ƙaro, a kan tsirkiyar babban gogen Turawa. Amma wanda ya kalli fim ɗin ba zai manta da asibitin da ya cika da masu rauni ba, da likitan da ke kara na'urar auna guba a jikin yaro. Sama da mutum miliyan tara suka sayi tikiti.

Daga nan kasuwa ta karɓi ragama. Da aka kai fim ɗin Amurka a 1956, sai aka datse shi, aka cusa ɗan wasansu Raymond Burr, aka rage maganar bom. Su ma Japanawan ba su tsira ba: suka mayar da dodon abokin yara, suka haifa masa ɗa a 1967, har suka sa shi tashi sama. Fim ɗin 1975 bai samu ko 'yan kallo miliyan ɗaya ba, aka jingine shi shekara tara. Na 2004 ɗin nan da ya yi wa Zilla ba'a, wanda aka narka wa kuɗi don bikin cika shekara 50, shi ma bai mayar da abin da aka kashe ba, Toho ta rufe babin shekara 12.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda laifin ke sauya mai shi. A fim ɗin 1998, gwajin Faransa a tekun Pasifik ne ya haifi dodon, Amurka ba ta ciki. A na 2014 kuwa, wanda Hollywood ta sake yi, an ce gwaje-gwajen Bikini yunƙuri ne na kashe Godzilla. Bom ɗin da ya zuba toka a kan masunta 23 ya zama magani ke nan. Ba ina wanke Faransa ba ne, mu ma muna da tamu da ita. A Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ta fasa bom ɗinta na farko ranar 13 ga Fabrairu, 1960, a tsakiyar lokacin da iskar hunturu ke kwaso mana ƙurar hamada, kuma gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta a Janairun 1961 bayan gwaji na uku. Na tambayi ɗalibaina wannan tarihi da na dawo, kaɗan ne suka taɓa jin sa.

Bayan fim ɗin 2004, sau biyu dodon ya farfaɗo a gidansa, kuma duka biyun da tsohon tsoronsa ya dawo. Shin Godzilla na 2016 ya biyo bayan bala'in tashar nukiliya ta Fukushima na 2011, rabinsa taron jami'an gwamnati ne da ke jan ƙafa yayin da gari ke ci. Godzilla Minus One na 2023, na Takashi Yamazaki, ya koma Tokyo ta bayan yaƙi. Kasafinsa bai wuce dala miliyan 15 ba, mutum 35 suka yi aikin siddabarun hotonsa, ya samo sama da dala miliyan 100. A Maris na 2024 ya karɓi kyautar Oscar ta wannan fanni, a daren da Oppenheimer, fim ɗin uban bom ɗin, ya lashe babbar kyauta.

Shi kuwa jirgin, bayan an tabbatar gubar ta ragu, an sauya masa suna, ya yi shekaru ana koya wa ɗaliban kamun kifi aiki a cikinsa. A 1967 aka sallame shi, aka cire injin, aka yar da gangar jikin a bakin wannan juji tana nutsewa cikin shara. Wasiƙar wani mai karatu a jaridar Asahi a 1968 na cikin abin da ya tayar da jama'a, kuma a 1976 aka buɗe zauren. Injin ma an tsamo shi daga teku a 1996, yana ajiye a waje, tsatsa ta cinye shi.

Ina shirin fita sai ga 'yan makarantar firamare sun shigo a jere da huluna masu ruwan ɗorawa. Malamarsu ta tsayar da su a ƙarƙashin cikin jirgin, suka rataye dogayen igiyoyin tsuntsayen takarda da suka naɗe da hannunsu, kusa da na waɗanda suka riga su zuwa. Dattijon ya jira suka yi shiru, sannan ya fara da ranar 1 ga Maris.