Ƙyallen Alhaji

A ɗakin kakanmu a Sule Tankarkar akwai wani ƙyalle mai kauri da aka zana Ka'aba da koriyar ƙubbar Madina a jikinsa da fenti, tsarabar da ya dawo da ita daga hajjin ƙasa ta hanyar Sudan. Tun ban san kaina ba yake rataye, hayaƙin aci-balbal yana ta dafa shi, har daminar 1988 ta zo, soro ya yi yoyo, ruwan jar ƙasa ya ratsa tsakiyarsa, gara kuma ta bi ta baya ta cinye hasumiya guda. Da aka sauko da shi, fentin zuba yake kamar dusa.

Iya ta ce a naɗe a sa a adaka. Baffa ya ce naɗin ne zai ƙarasa shi.

Wani malami mai zayyanar allo aka kira. Ya shimfiɗa shi a zaure, ya ce kada rana ta gan shi, kada ruwa ya taɓa shi, sannan ya zauna da gashin zabo yana share ƙura a hankali, ba ka jin komai sai numfashinsa da kukan kurciya a bisa darbejiya. Ranar Alhamis aka ba masu zuwa kasuwar Maigatari sautun akoko da ƙaron ɗakwara. Ya jiƙa ƙaron ya kwana, ya tace da tsumma, ya kife ƙyallen ya shafa masa siriri-siriri, ya manna akokon, ya danne da alluna da ɗan dutsen niƙa. Ni ne mai riƙe kasko. Yatsuna sun wuni suna danƙo, hancina cike da warin tsohon hayaƙi.

Wai ni a lokacin gani nake duk wannan share fage ne, aikin gaske shi ne a mayar da hasumiyar. Yanzu in na tuna kaina, ina mamakin yaron nan da gaggawarsa.

"Allah gafarta Malam, yaushe za a zana ta?"

"Ɗan nan, ni ban je ba, ban gani ba. Abin da ya rage nake tsarewa."

Haka ya bar gurbin, akoko tsura. Na cika na batse, na ɗauko gawayi na zana tawa hasumiyar a bangon zaure, doguwa har ta wuce ƙofa. Iya ta sa na goge ta kafin Magariba.