Ja, Kada a Taɓa

Ban taɓa zaton darasin launuka da muka yi a aji ɗaya zai biyo ni har gaban kwamfuta ba. Hausa ba da ita na tashi ba, kuma a lokacin nakan rikita shuɗi da kore har 'yan aji su yi ta dariya.

Bara na je Sabo a Ibadan, na ɗauki muryar wata dattijuwa tana ba da tatsuniyoyi bakwai, domin kundin kammala digirina. Kwamfutar da yayana ya bar mini Linux ce a kanta. Idan na buga ls, sai sunayen fayiloli su jeru fari fat a kan baƙin allo, babu mai bambanta su sai wutsiyar suna. Kowace tatsuniya fayil biyu gare ta: gizo.wav na murya, gizo.txt na abin da na rubuta daga muryar. Wani dare, barci na fizgata, na tashi goge rubutun don in sake shi, sai na goge muryar. Shi kuwa umarnin rm ba ruwansa da kwandon shara. Da na koma Sabo, aka ce Inna ta tafi Katsina wajen 'yarta.

Abokin ɗakina, mai karanta kimiyyar kwamfuta, shi ya ce in buga ls --color=auto. Nan take foldoji suka zama shuɗi, fayilolin da ake kunnawa kamar manhaja suka zama kore, waɗanda aka ƙunshe irin su zip suka zama ja. Ashe lambobi ne kawai a cikin wani abu mai suna LS_COLORS: 31 ja, 32 kore, 34 shuɗi. Muryoyin kuwa suka fito da lamba 36, wani launi tsakanin shuɗi da kore. Na kai tambayar sunansa aji, aka yi ta gardama, wasu suka ce shuɗi-shuɗi, wasu suka ce tsanwa, ba a tsayar ba.

Ban jira su ba. Na rubuta *.wav=01;31, duk murya ta koma ja wur. Yanzu in na buga ls, shida ne jajaye. Na bakwai, gizo.txt, yana nan fari shi kaɗai, da giɓi uku a daidai waƙar da Ƙoƙi ta yi, inda ban ji abin da Inna ta ce ba, na bari sai na sake saurare.