Rabin Daƙiƙa a Sama: Koyon Tsallen Keke a Shekara 38

A wani daji da ke arewacin birnin Sheffield akwai tudun ƙasa da aka gina da gangan domin masu keken tsauni, tsayinsa bai kai ƙuguna ba. Na shafe Asabar huɗu ina tunkararsa. Duk lokacin da na zo daf da shi sai yatsuna su matse birki ba tare da sun yi shawara da ni ba, in hau tudun a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, in gangaro ta ɗaya gefen. Yara 'yan shekara 12 da 13 kuwa sai su shige ni, su tashi sama, su dira, su ci gaba da hirarsu.

Karatu ya kawo ni Ingila, aiki ya zaunar da ni, kuma likita ce ta tura ni neman motsa jiki bayan ta duba hawan jinina. Keke ba baƙona ba ne. Kamar yawancin sa'o'ina a Funtuwa, a keken haya na koya, sannan na riƙa satar hawan Raleigh na mahaifina, ina zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar don ban isa sirdi ba. Mun tsallake kwata, mun faɗi, mun karkaɗe jiki mun tashi. Na ɗauka wannan yaron yana nan a cikina, jira kawai yake in kira shi. Ashe ya daɗe da tafiya.

Keken tsauni kansa bai girme ni da yawa ba. A shekarun 1970 wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya suka fara gangarowa daga tsaunuka a kan tsofaffin kekuna masu kaurin taya. Tseren da suka fara a 1976 sun sa masa suna Repack, saboda kafin a kai ƙasa zafi ya ƙone man giris ɗin da ke cikin birkin baya, sai an sake cusa wani. A 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Nakan yi murmushi idan na tuna cewa tseren farko na wannan wasa daga wahalar birki ya samo sunansa, domin ni ma a kan birki tawa matsalar take.

Tudun da nake magana a kai irin wanda ake kira teburi ne: hawa ta gaba, shimfiɗaɗɗen sama mai tsawon kimanin mita uku, sai gangara ta sauka. An yi shi haka domin mai koyo, in tsallensa ya gaza, ya dira a kan shimfiɗar maimakon ya afka rami. Lissafin abin mai sauƙi ne, kuma ya kamata duk mai niyyar gwadawa ya san shi. Mai gudun kilomita 20 a awa yana cin mita biyar da rabi a kowace daƙiƙa, don haka zamansa a sama bai wuce rabin daƙiƙa da 'yan kai ba. Nisan tsalle kuma ba ya raguwa daidai da yadda gudu ya ragu, ya fi haka zubewa, domin gudun ake ninkawa da kansa. Idan ɗan taɓa birkin nan ya mayar da 20 ta koma 16, tsallen mita uku zai koma ƙasa da mita biyu. Kenan abin da yatsuna suke yi da sunan kare ni shi ne yake tabbatar da ba zan kai gangarar da aka tanadar mini ba.

Akwai abin da ya fi wannan haɗari. Tsakanin tayar gaba da ta baya akwai tazarar kusan mita ɗaya da 'yan kai. Lokacin da ta gaba ta bar bakin tudu, ta baya tana kan hawa, kuma sai bayan kamar kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa za ta biyo. A wannan ɗan taƙin ake yanke hukuncin yadda keke zai juya a sama. Mai tsoro yakan ja jiki baya, ya sanƙare hannuwa, ya bar gwiwoyi su lanƙwashe. Sai tudun ya harba tayar baya sama, gaban keke ya nutsa, mutum ya wuce ta kan sitiyari. Ɗan Adam kuwa yana bukatar kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya ga abu ya mayar da martani. Idan ka lura a sama cewa ka yi kuskure, ka riga ka makara. Juyin da ka tashi da shi, da shi za ka sauka.

Duk wannan na karanta shi, na fahimta, har ina iya zana shi a takarda. A Asabar ta biyar na yanke shawarar ba zan taɓa birki ba. Na cika alkawarin har zuwa mita biyu kafin tudun, sannan na ɗan taɓa, na kuma ja baya. Abin da na iya tunawa shi ne ganin tayar gaba a ƙarƙashin haɓata, sai ƙarar hular kwano a kan ƙasa. Ƙashin nan da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, wanda masu keke suka fi karyawa, bai karye ba, amma jijiyoyin kafaɗar sun ji jiki. Mako shida ban iya ɗaga 'yata ba, na kuma yi ta buga labarai da hannu ɗaya.

Matata ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta taya ni sa riga, sannan ta ce, “Abban yara, in ka kwanta wa zai riƙe mu a ƙasar nan?” Da labari ya kai gida, Hajiya ta kira ni a waya. Bayan ta yi mini sannu sai ta ce, “Gemai-gemai da kai, me kake nema a saman iska?” Ban da amsar da zan ba ko ɗaya cikinsu. Yaron Funtuwa da ya faɗi a kwata fatar gwiwarsa kaɗai ya sa a caca. Ni kuwa akwai kuɗin haya, da kuɗin makarantar ƙanne, da mutanen da ke sauraron ƙarshen wata. Ƙashin yaro yakan haɗe cikin 'yan makonni, na babba yakan kai wata biyu ko uku. Tsoron babba lissafi ne na gaskiya, kuma ba na yarda da masu cewa a kawar da shi kawai.

Shekaru su kaɗai ma ba su ne cikas ba. Steve Peat, ɗan wannan birni na Sheffield, ya zama zakaran duniya a tseren gangara a 2009 yana da shekara 35. Greg Minnaar na Afirka ta Kudu ya ci wannan kambu a 2021 yana da 39, wato ya girme ni a yau. Sai dai su tun suna yara jikinsu ya haddace abin. A 1967 masana halayyar ɗan Adam Fitts da Posner sun bayyana cewa koyon kowace ƙwarewa ta jiki yana bin matakai uku: na farko mutum yana tunanin kowane motsi, na biyu yana gyara kurakurai, na uku jiki yana yi da kansa. Yaro yakan ratsa na farko da wasa bai ma sani ba. Babba, musamman irina da sana'arsa ita ce sarrafa kalmomi, yakan tare a can, yana yi wa kansa lacca a kan sirdi. Tsallen da ake gamawa cikin rabin daƙiƙa kuwa ba ya jiran a kai ƙarshen jimla.

Da kafaɗa ta warke na yi abin da girman kai ya hana ni tun farko, na biya kuɗin darasi. Mai koyarwar mace ce da ta haura 50. Ba ta bar ni na kusanci tudun ba. Ta kai ni wani fili mai jerin ƙananan tuddai kamar kunyoyin gona, inda ake tafiya ba tare da taka feda ba: ka danna keke da ƙafafu in za ka gangara, ka sassauta in za ka hau. Awa biyu muka yi a haka, ni da yara masu rabin tsayina. A nan na gane cewa ba a fizgo keke sama da hannu. Tsayuwa ake yi a kan feda, nauyi a tsakiya, a danna ƙafafu cikin hawan, a miƙe a hankali har tayar baya ta bar ƙasa. Tudun ne yake ɗaga mutum.

Sannan ta ɗauki wani reshe ta ajiye a gefen hanya, kimanin mita goma kafin teburin. Ta ce kafin reshen ina da 'yancin fasawa sau ɗari, ba wanda zai tambaye ni dalili. In na wuce shi kuwa, yatsu su sauka daga birki, an gama shawara. Ban taɓa jin wanda ya ba tsorona wuri irin haka ba. Ba ta ce in daina jinsa ba, lokaci ta keɓe masa, ta kuma nuna masa iyaka. A ranar na fasa sau bakwai. A karo na takwas tayoyina biyu suka bar ƙasa da abin da bai fi taƙi ɗaya ba, na dira a tsakiyar shimfiɗar da ƙarar da ta sa wani yaro ya waiwayo.

Sai da na ƙara wata uku kafin na tsallake mita ukun nan na sauka a kan gangara. Abin da ya ba ni mamaki shi ne shirun. Ƙarar taya a kan tsakuwa, wadda kunne ya saba da ita har ya daina jinta, sai ta ɗauke ɗif, sannan ta dawo a hankali ba tare da jijjiga ba. Saukar da aka yi daidai ta fi duk gazawar da na yi a baya taushi.

Ni da matata mun yi yarjejeniya. Ba na hawa ni kaɗai, ba na tunkarar tsallen da ke da rami a tsakiya, kuma ranar da na kwana ina aiki ba na fita. A gaba da teburina akwai wani mai tsawon mita biyar, na kai wata guda ina kallonsa. Makon jiya na tsinci reshe na ajiye a gabansa, na tunkare shi sau uku, sau ukun kuma na juya kafin in kai reshen. Hajiya har yanzu ta ɗauka na sayar da keken, ni kuma ban gyara mata zancen ba tukuna.