Ranar da na ga Birnin Damagaram

Ni mutumin Dawce ne, a ƙasar Matamaye. Tun ina ƙarami nake jin sunan Damagaram a bakin manya, amma ban taka ta ba sai da na shekara goma sha biyu. Kawuna ne ya tafi da ni bayan an gama girbi. Mun shiga mota a Matamaye, muka bi ta Kance, muka faɗa babbar hanya a Takeita, muka nufi gabas.

Da muka iso Tirmini, kawu ya taɓa ni.

"Ɗana, dubi dajin nan da kyau."

"Kawu, ban ga komi ba sai gonaki da duwatsu."

"To, a nan aka yi yaƙi a shekarar 1899. Dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka tari sojan Faransa. Bindigar Nasara ta fi ƙarfi, daga nan suka shiga gari."

Na yi ta waiwaye har wurin ya ɓace. Da ba a gaya mini ba, da na wuce kamar kowa.

Damagaram, wadda Nasara ke kira Zandar, tana da tsofaffin unguwanni biyu. Akwai Zango, inda fatake da Buzaye suke sauke raƙuma a zamanin da. Akwai kuma Birni, inda sarki yake. Mu Birni muka dosa. Lungunanta ƙanana ne, suna ta lanƙwasa tsakanin manyan duwatsu, wani dutsen ya fi ɗaki girma. Abin da ya fi tsayar da ni shi ne fuskar gidaje. Magina sun yi musu zane da laka, sun shafa launi, sun ɗora zankwaye a bisa kamar kunnen zomo. A Dawce ma muna gini da ƙasa, amma ban taɓa sanin laka tana yin kyau haka ba.

A ƙofar fada muka tarar da dogarai da jajayen riguna. Kawu ya cire takalmi, ni ma na cire, muka gai da su. Wani dattijo ya ba mu labarin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har shekarar 1884. Shi ya kewaye gari da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa a nan cikin gari. Maƙeran ƙasarmu fa, ba na Turai ba!

Na ce a kai ni in ga ganuwar. Aka nuna mini wani guntun tudu na jar ƙasa, awaki na kwance a kansa. Sauran ruwan sama ya cinye, mutane kuma sun ɗebi ƙasar sun yi tubali. Raina bai so ba. Daga nan muka hangi barikin da Faransawa suka gina a kan dutse, suka sa masa sunan Kazamaju, hafsansu da aka kashe a garin a 1898. Damagaram ce babban birnin Nijar a lokacin mulkinsu, har 1926 da aka mai da gwamnati Yamai.

Da na girma na karanta labarin wani birni a Turai mai suna Karakof, a ƙasar Polan. Shi ma gidan sarauta ne, shi ma an ɗauke masa gwamnati aka kai Warso. Har ganuwarsa mutanen garin suka rushe, kusan shekara 200 da suka wuce, sai ƙofa ɗaya da ƴan hasumiyoyi suka tsira. Amma sun riƙe fadar sarakunansu da tsohuwar kasuwa da gidajen da ke kewaye da ita. A 1978 hukumar UNESCO ta sa birnin cikin kayan tarihin duniya, baƙi kuma suna zuwa kallo daga ko'ina. Mu ma an sa tsohon garin Agadas a 2013.

Su da dutse da jan tubali suka yi gini, mu da laka. Gidan laka kuwa sai an yi masa yaɓe kafin damina, in ba haka ba ya zube. A ganina siminti ba zai maye gurbin wannan zane ba, ga shi kuma ɗakinsa da zafi a watan bazara. Zuwana na baya na ga gidaje da dama a Birni sun tsage, wasu an rushe an yi sabon gini. Na tambayi wani tsohon magini ko yana da yaran da yake koya wa zane. Ya ce biyu gare shi, ɗayan ma ya tafi ci-rani.