Shinkafa da Ɗanyen Kifi



Ni Bakabe ne, kifi ba baƙona ba ne. A Badariya aka haife ni, cikin Birnin Kebbi, amma dangin mahaifina suna Argungu, inda masunta ke auka wa ruwan Matan Fada da homa da gora tun bikin da aka fara a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Na ci giwan ruwa a soye da kuma a gashe, na ci shinkafar fadamar Rima har na gaji. Ban taɓa zaton shinkafa da kifi za su jarraba imanina ba, sai da aiki ya kai ni Dubai.

Wani abokin hulɗarmu ne ya gayyace mu wani gidan abinci na Japanawa mai tsadar gaske. Kujeru kaɗan ne a gaban dogon katako, mai dafuwar kuma yana tsaye gabanmu da wuƙarsa. Abincin sunansa sushi: ɗan dunƙulen shinkafa mai tsami, a ɗora masa yankan ɗanyen kifi. Tsarin da aka zaɓa mana kuwa suna kiransa omakase, ma'anarsa na bar maka zaɓi. Ba ka tambayar komai, abin da ya miƙo maka shi za ka ci.

Ɗanyen kifin bai dame ni ba, domin aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abin da ke cikin teku, kuma kifi ba ya bukatar yanka. Na yi bismillah na ci na farko, na biyu, na uku. Sai aka kawo wani dogon kifi gasashe mai suna unagi, an shafa masa wani baƙin romo mai zaƙi. Nan gabana ya faɗi, don na taɓa karanta cewa a irin wannan romo ake zuba mirin, wato giyar shinkafa da Japanawa ke girki da ita.

Wallahi na fi minti guda ina kokawa da zuciyata. Ba yunwa ce ta hana ni magana ba, kunya ce. Ina tsoron a ce ga bagidaje ya zo daga ƙauye, ina tsoron in ɓata wa mai gayyata rai bayan kuɗin da ya kashe, wanda ya isa buhunan shinkafa a kasuwar Birnin Kebbi. Sai na tuna mahaifiyata, wadda ba ta sayen nama sai ta san wanda ya yanka. Na yi ta maza na tambaya. Mutumin ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya tabbatar min akwai mirin a ciki, ya ɗauke, ya kawo min kifin tuna da gishiri kawai. Babu wanda ya yi dariya. Ashe dodon da nake tsoro a zuciyata kaɗai yake.

Da na koma masauki sai na kasa barci. Na miƙa wa mutumin da ban sani ba zaɓin abin da zai shiga cikina, ban ce uffan ba har loma uku. Amma Ubangijin da Ya halicce ni, in Ya zaɓa min jinkiri a aure ko a arziki, sai in yi ta ƙorafi. Na juya abin: na sallama a inda ya kamata in yi tambaya, ina gardama a inda ya kamata in sallama. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya karantar da mu cewa mai nisantar shubuha shi ne ya tsare addininsa da mutuncinsa.

Ya ɗan uwa, ya 'yar uwa, duniya ta buɗe, za a zaunar da ku a teburan da iyayenmu ba su taɓa gani ba. Ku ci daga ni'imar Allah, amma ku tambaya tun kafin loma ta farko, ba ta huɗu ba kamar ni. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya yafe mana abin da muka ci bisa rashin sani. Wassalam.